Waƙar Haya

Lesieli ta danna wayar, ta sake dannawa. Lasifikar da ke rataye a jikin bishiyar kwakwa ba ta ce uffan ba. Inda waƙar ke zama kullum, an ɗora hoton ɗan makulli.

Jirgin ruwan baƙi masu yawon buɗe ido kuwa ya riga ya taso daga garin Neiafu.

Da wannan abincin yamma gidan yake ci. Baƙi su sauka bakin yashi, su ci naman da aka gasa a rami da ganyen gwaza, sannan Heilala, 'yar Lesieli, ta fito da man kwakwa a jiki ta yi rawa. Da can maza ke zama a tabarma su rera mata. Yanzu duk sun tafi tsinkar lemo a Ostireliya, har da mijin Lesieli. Sai aka koma ga wani kamfani na ƙetare mai ba da hayar tsofaffin waƙoƙi ta intanet. Ba sa sayarwa, ba sa bari ka kwafa. Ka ji kawai, ka mayar musu.

Waƙa guda ce ke riƙe da wasan, wadda wani Bature ya ɗauka a wannan tsibiri tun kafin a haifi Lesieli. Muryar mace ce ita kaɗai, babu ganga, babu kiɗa. A kanta Heilala ta koyi ɗaga hannu, ba ta san wata ba. Gidan ya taɓa mallakar kaset ɗinta, guguwa ta tafi da shi teku tare da rufin ɗaki.

Mai jirgin kuma ya faɗa baki da baki tun ranar da wuta ta ɗauke musu: in aka sake barin baƙinsa zaune shiru, otal ɗin tsallake zai riƙa kai su.

Tsohuwa Kalo, uwar Lesieli, tana zaune a gindin bishiyar, inda take zama kowace yamma, daidai ƙarƙashin lasifikar. Furanni take shiryawa a zare, gyalenta naɗe a wuya duk da zafin rana.

"Kalo, sun kulle ta," in ji Lesieli. Mu nan da suna 'ya ke kiran uwarta.

Tsohuwar ta ɗaga gira, ta ci gaba da zarenta.

Fonua, ƙanen mijin Lesieli, ya ɗago daga ramin gashi, hayaƙi a ido. "Ni fa ina nan. Ku ba ni tabarma in rera."

"Kai?" in ji Lesieli. "Ranar da ka rera a coci har karnukan fasto sai da suka bar gari."

"Hassada ce. Karnukan ba su da kunnen waƙa."

Babu wanda ya yi dariya, har shi kansa.

Lesieli ta hau kan dutsen da waya ke kama sabis a kansa, ta kira kamfanin. Aka yi ta miƙa ta daga wannan zuwa wancan, kowa da ladabinsa, babu mai iya komai. Daga can tana hango jirgin, ɗan fari kamar tsuntsu, yana girma.

A ƙarshe ta samu wani saurayi mai taushin murya. Ya ce wani kamfani ya saye nasu, sabbin masu shi kuma sun cire duk waƙar da babu izinin mai ita a rubuce.

"Don kare mawaƙan ne, Uwargida. Mutanen da aka ci da guminsu."

"Allah ya saka. To ni baƙina fa?"

Ya ba ta haƙuri. Ya ce a wajensu abin da aka rubuta kawai shi ne: mace, ba a san sunanta ba.

Lesieli ta juya bayanta ga bishiyar, ta rage murya. "In fasto ya rubuto shaida fa? In duk tsibirin suka sa hannu?"

Ya ce tunda babu suna, takarda ba ta tabbatar da komai. Kowa na iya cewa kakarsa ce.

Heilala ta fito daga ɗaki, an gama shafe ta da mai, tana sheƙi, hannuwanta a buɗe don kada su taɓa rigar. Ta dubi uwarta. Kalo ta buga cokali a jikin kwano, kamar yadda take kiran kowa, jikar ta je ta durƙusa aka rataya mata furannin.

"Amma akwai hanya guda mai sauƙi," in ji saurayin, har muryarsa ta washe don ya samo abin taimako. "In matar tana raye, a kawo ta kan waya. Ta faɗi sunanta, ta rera layi ɗaya. Na'urarmu tana gane murya ko an tsufa. Yanzun nan zan buɗe miki, kuma ba za ki sake biyan haya ba. Kin san ta ne?"

Jirgin ya kashe inji. Ana jin dariyar baƙi a kan ruwa.

Lesieli ta sauko daga dutsen, wayar a hannu, saurayin yana ta "Uwargida? Uwargida?" Ta zo ta tsuguna a gaban uwarta.

Kalo ta ajiye zaren. Ta ɗaga kai ta dubi lasifikar da ta yi shiru, leɓɓanta suna bin layin farko na waƙar, iska kawai ke fita. Sannan ta sa hannu a kan gyalen, daidai inda likitocin birnin Okland suka cire mata maƙogwaro, suka bar ta da muryarta guda ɗaya tak a duniya, ta cikin waƙar nan, wadda 'yarta ke karɓo mata haya kowace yamma.