Hayaƙin Gidan Baffa

Tun da aka yi dokar hayaƙi, duk gidan da murhunsa ya mutu a ƙauye, sai a sare itatuwan gonarsa a shimfiɗa farantan sola.

Laure kaɗai ta rage a Tungar Ɗinya. Takan jiƙa ɗinya ta tace, ta bi gida-gida tana hura wuta, tana dafa maɗin da babu mai saye.

Yau tana gaban murhun baffanta ya kira ta a waya daga birni.

"Ke Laure, da karatunki kin ƙare a gadin itace? An taya gonata, hayaƙin nan kaɗai ya tsayar da cinikin. Ki kashe mini wuta."

"Baffa, maɗin bai yi kauri ba."

"To wa zai sha?"

"Allah ya huci zuciyarka, ni zan sha."

Ta ƙara ɗanyen ice, hayaƙi ya turnuƙe. Can ƙaramin jirgin da ke duba hayaƙin gidaje, wanda ba kowa a cikinsa, ya tsaya a samanta, sannan ya wuce. Sai da ya yi nisa ta lura ta ce wa jirgin ina kwana.