Takardun da Ke Cikin Hula

Tunda kun ce bincike kuka zo yi kan ingancin ƙananan asibitocinmu, ku ajiye biro tukuna, ku ji wannan misali.

An yi wani mai ɗinkin hula da aka gano yana da ciwon suga. Tsoronsa ɗaya ne, kada ciwon ya taɓa masa ido, domin da idon yake ciyar da iyalinsa. Saboda haka duk farkon wata yakan ajiye allura, ya tafi asibitin unguwarsu ko karyawa bai yi ba, ya zauna a benci har rana ta take. In layi ya zo kansa sai ya tarar da baƙuwar fuska, ma'aikaciyar watan jiya an yi mata canjin wurin aiki. A nemi katinsa a rasa, a buɗe sabo, a tambaye shi suna da shekaru kamar yau aka fara ganinsa. A huda masa yatsa, a rubuta lambar sugansa da kwanan wata a guntuwar takarda, a ba shi ƙwayoyin da aka saba, a kira na gaba. Bai yi boko ba, amma a sana'arsa ba a soka allura sai an dubi inda zaren baya ya tsaya. Don haka kowace takarda yakan ninke ta ya cusa cikin hularsa. Sau nawa yana cire hular zai nuna, a ce masa, "Baba, mayar da hularka. Na yau muke dubawa, ga mutane na jira."

Ana nan sai masu bincike suka zo daga birni. Suka ƙirga benci, suka duba fenti da famfo, suka buɗe rajista suka ga sunaye fal. Ba wanda ya lura mutum ɗaya ya fito sau goma sha tara, kowane zuwa a matsayin sabon majinyaci. Ya miƙe da hula a hannu, wata a cikinsu ta yi murmushi ta ce, "Sannu Baba, kai, wannan aiki ya yi kyau," ta wuce. Aka rubuta cewa asibitin ya cika sharuɗɗa. Damina ba ta fita ba ya fara lalube kafin ya sami kafar allura. Da aka kai shi babban asibiti, likitar ta zazzage hular a kan tebur, ta jera takardun wata bayan wata. Ga lambobi nan suna hawa kamar matakala. Ta ɗago ta ce, "Baba, ba wanda ya taɓa jera waɗannan?" Ya ce, "Ke ce ta farko, 'yata. Na gaji da cire hula." Idon dama ya riga ya tafi, na hagu ake lallaɓawa. Hular da yake ɗinki tana nan rabi, da allurar soke a jikinta.

To, idon nan yana wuyan wani, kuma sai an faɗi ko wane ne. Mai doguwar jinya a ba shi kati ɗaya da ba ya ɓata, da mutum ɗaya da ya san shi. Ku kuma, kafin ku ƙirga benci, ku tambayi wanda ke zaune a kai. Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.