Filashin Gwaggo a Tsakiyar Teku

Tun da kika ce min za ki shiga jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, kina neman dabarar da waya ba za ta cinye miki aljihu ba, wani misali yake ta dawo min a rai.

An yi wani mai sayar da kayan gini, mutum mai tattali da kula da zumunci. Tun yana ƙarami iyayensa suka rasu, ƙanwar mahaifinsa ta raine shi a ƙauye. Da ya samu buɗi ya gyara mata ɗaki, ya saya mata 'yar ƙaramar waya mai madannai. Gwaggon ba ta iya karatu ba, abu ɗaya ta koya a wayar: ta danna lambarsa, in ta ji ta shiga ta kashe. Filashin ke nan. Shi kuwa ko yana tsakiyar ciniki ne zai koma gefe ya kira ta. Haka suka yi shekaru, har ya zama in ta taɓa shi akwai magana, in ya ji shiru ya san lafiya lau.

Wata shekara kamfanin da yake sarar kaya a wurinsu ya ba shi kyautar tafiya a jirgin ruwa, shi da matarsa. Kafin su tashi aka ja masa kunne cewa da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa, waya kan kama layin jirgin, mai tsadar gaske, ko kiranka aka yi ka ɗauka sai an caje ka. Shawarar da aka ba shi mai kyau ce: ya rufe layin kira gaba ɗaya, ya bar intanet ɗin jirgi don saƙonni. Ya bi ta sau da ƙafa. Ya sanar da 'ya'yansa da abokan ciniki cewa ta intanet za a riƙa samunsa. Gwaggo kuwa ya kira ta ya yi mata sallama, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta kuma ce ya yi nesa da bakin ruwa. Bai yi mata bayanin layi ba, don a ganinsa ba za ta gane ba.

Jirgi ya shiga teku. Ruwa ta gabas, ruwa ta yamma, abinci iri-iri, wayarsa kuma tsit a aljihu. Ko da suka tsaya a wata tashar, inda kira bai kai na teku tsada ba, bai buɗe layin ba. Matarsa ta ce, "Alhaji, ba ka ji daga Gwaggo ba?" Ya ce, "In da wani abu ai da ta taɓa ni." Sabo ya rufe masa ido, ya manta cewa shi da hannunsa ya toshe hanyar da take taɓa shi.

A ƙauye kuwa zazzaɓi ya kwantar da tsohuwa, ya sauka a ƙirji. Ta ji a jikinta wannan ba na tashi ba ne, tana son ta ji muryar ɗanta, su yafi juna, ta sa masa albarka. Ta danna, ba ta tsaya jin ko ta shiga ba ta kashe, ta ɗora wayar a kan tabarma kusa da kunnenta. Shiru. Ta sake. Maƙwabciyarta, wadda ke kawo mata kunu, ta ce a aika birni a gaya wa 'ya'yansa. Gwaggo ta hana. Ta ce, "Kada ki tayar wa yara hankali. Bai taɓa ƙin kirana ba, wataƙila yana salla ne." Sai da magana ta fara yi mata wuya maƙwabciyar ta yi gaban kanta ta aika. Kafin ɗan aike ya kai birni rai ya yi halinsa. Saƙon 'ya'yansa ta intanet ya iske mutumin nan yana karin kumallo, yana kallon ruwa ta taga, a lokacin kuwa har masu jana'iza sun dawo daga maƙabarta.

Babu inda zai sauka, dole ya jira jirgi ya kai gaɓa. Da ya taka ƙasa ya buɗe layin, yana fatan ya ga ko alamar kiranta. Bai ga komai ba. Filashin da ya tarar da layi a rufe ba ya barin sawu. Kuɗin wayarsa kuwa yana nan yadda ya bar shi, dabara ta yi aiki.

Da ya isa ƙauye ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya tambayi maƙwabciyar ko Gwaggo ta bar masa wata magana. Matar ta ce, "Na tambaye ta, Alhaji. Ta ce maganar ba ta aike ba ce, da bakinta za ta gaya maka in ka kira."

Har yau bai san mece ce maganar ba, kuma babu wanda zai tambaya. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.