Layin da na sa wa gem ɗin Imurana

"Kin gani, ɗigon bai motsa ba," na ce wa maƙwabciyata a rumfar da nake sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ina nuna mata wayata. "Imurana yana ɗaki."

Tun ranar da babur ya kaɗe wani yaron gidanmu a bakin gota, babbar magudanar ruwan unguwar Maamobi, na hana ɗana fita. Daga makaranta sai ɗaki. Na kai gem ɗinsa na hannu wurin Mutawakilu mai gyaran waya, ya buɗe bayansa ya dasa masa layi da data. Yanzu duk inda gem ɗin yake ina ganinsa a taswira, Imurana kuwa ba ya rabuwa da shi. In na tura saƙo, amsar ɗaya ce: "Ina ɗaki."

Ranar Laraba abinci ya ƙare da wuri, na dawo kafin la'asar. Tun daga ƙofa nake jin ƙarar tseren motoci. Na ɗaga labule.

Mahaifiyata ce a kan katifar da take kai tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, gem a hannunta, tana cizon leɓe.

"Mma, ina Imurana?"

"Yana ƙwallo a bayan masallaci. Tsaya, kar ki sa in faɗa rami."

"To wa ke amsa mini saƙo?"

"Ni mana. Ya koya mini inda zan danna." Sai ta ɗago ta dube ni. "Latifatu, ni na san zaman ɗakin nan. Mutum ɗaya a kulle ya ishi gidan nan."