Badukun da Ya Jira Watan da Babu

Zauna, Sallau. Tun da ubanka ya ce ka kai shi arewa ya ga mahaifarsa kake shiga kana fita. Yau ka ce sai bayan Sallah, gobe ka ce sai ruwa ya ɗauke. Bar jijjiga ƙafar nan, ka ji wani misali.

An yi wani baduku mai tsohuwar uwa. Ita ba 'yar garin ba ce. A shekarar wata yunwa iyayenta suka gangaro da ita daga arewa tana yarinya, ba ta ƙara komawa ba. Da tsufa ya kama ta, sai ta ce abu uku take so ta gani kafin ta kwanta dama: filin ciyawar da ubanta ya yi kiwo, wanda ɗan raƙumi ke shiga ya ɓace, da rairayin da ke bayan filin, da tsohon birnin da aka haife ta, mai doguwar hasumiyar ƙasa. Tafiya ce ta kwanaki. Baduku ya ce ya ɗauka. Kada kuma ka ce malalaci ne ko marowaci, da ma hakan ne, da an san maganinsa. Mutumin nan ajiye wuƙa da basilla ya yi, ya koma ɗan tasha. Ya tari direba, ya tari mai kanwa, ya tari Buzun da ke kawo masa fata, kowa sai ya tambaye shi wane wata ya fi. Aka ce masa ciyawa sai da damina take kore, amma koramu na yanke hanya. Ya ce to, a bari ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, aka ce ciyawa ta fara ja, ƙarangiya ta nuna tana kama zane. Ya ce uwarsa ba za ta ga ciyawa ja ba. Sanyi ya shigo, aka ce yanzu ne rairayi ke takuwa, sai dai sanyin can har ƙashi yake shiga. Ya tuna tarin tsohuwa, ya fasa. Bazara kuwa, ko ƙadangare inuwa yake nema. Shi wata ɗaya yake so, wanda ciyawa za ta yi shar, rairayi ya huce, hanya ta bushe, birni ya cika da fatake. Allah bai halicci wannan watan ba.

Gidan ya rasa sukuni. A daka dakuwa, a soya ƙuli-ƙuli, a ɗaure guzuri, a kwance a cinye. Ya ɗinka mata takalmin tafiya, ya duba ya ga bai yi masa ba, ya farke ya sake. Tsohuwa dai ta ɗaure ƙunshinta ta ajiye bakin ƙofa, kullum da safe ta sa kwalli ta zauna kusa da shi, in ta ji ƙarar mota ta miƙe. Ana nan ta daina zura zare a allura, ta ce hannunta ne ke rawa. Ana nan ta fara zuba ruwa a gefen moɗa. Baduku bai lura ba, hankalinsa na can kan hanya. Sau ɗaya tak ta yi masa magana. Ta ce, "Ɗan nan, kai ni ko ciyawar ƙonanniya ce. Ni na san korenta, wurin nake so in gani." Ya ce, "Haba Inna, ki ƙara haƙuri. So nake ki gan ta yadda kika bar ta."

Shekara ta juyo, ta sake juyowa. Can a wata jelar damina abubuwa suka ɗan yi kusa da yadda yake so, suka kama hanya. Da suka isa filin, ga ciyawa har ƙugu, iska na kaɗa ta, shanu sun nutse a ciki sai ƙahonni. Ya sauko da ita yana rawar jiki, ya ce, "Inna, duba!" Tsohuwa ta juya fuskarta wajen motar da suka sauka. Ta ce, "Kore ce?" A nan ne ya dubi idanun uwarsa da kyau, ya ga yanar ido ta rufe su fari fat, kamar an ɗiga nono. Rairayi, a tafin hannu ta ɗiba ta murza. Hasumiya, gindinta ta shafa, ta tambaye shi ko har yanzu itatuwan da aka kakkafa a jikinta suna nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Da bara ne, da na ga rabi."

To, ka ji. Ubanka yayana ne, na san halinsa, ba zai roƙe ka sau biyu ba. Shekaranjiya na tarar da shi a zaure da rana tsaka, sai da na yi sallama ya gane ni ce. Ciyawa za ta sake yin kore baɗi, ko ka je ko ba ka je ba, ita ba ta jiran kowa kuma ba ta tsufa. Tashi ka nemo mota a watan da kake ciki. Magabata ba su faɗa a banza ba: garin neman gira, a rasa ido.