Turaren Tarbar Baƙi

"Ƙara garwashi, Hajja Hajara, masu bincike sun iso!" in ji Sharafaddeen, manajan wata masana'antar taki a bayan Soba, ba nisa da birnin Umdurman.

Tun safe bututun iskar amoniya mai guba ke yoyo, warin har yaji yake a ido. Ya riga ya kashe na'urar da ke kuka in iskar ta fita, don in baƙi suka ji ta yau, kujerarsa ta tafi. Saura warin. Shi ne ya sa Hajara, mai shayin bakin ƙofa, ta jera kaskon turare har ɗakin injina.

Baƙi na shiga, hayaƙi ya kai rufi. Ƙararrawar gobara, wadda ya manta da ita, ta ɗauki ihu. Kowa ya yi waje da gudu.

Suna isa fili bututun ya fashe. Farar guba ta cika ɗakin da babu kowa.

Shugaban masu binciken ya kama hannun Sharafaddeen. "Ya ustaz, na'urarku ta yi gargaɗi tun kafin ya fashe! Ina kuka sayo ta?"

Sharafaddeen ya waiwayi Hajara.

"Kasuwar Umdurman," in ji Hajara. "Layin 'yan turare."