Ƙarfen Gaban Motar Jelani

Uwaliya tana tsallaka titin Wurno sau huɗu a rana. Shinkafa take turarawa a gida, ta ɗauka a ka zuwa injin casa da ke ɗaya gefen titi, ta dawo ta auna wa masu saye. Tun rasuwar mijinta, da wannan sana'a take riƙe da 'ya'ya huɗu. Ba ta taɓa sa ƙafa a kwalta ba ta duba hagu da dama ba.

Cikin motocin da ke bin titin akwai a-kori-kurar Jelani, mai kwaso albasa daga gonakin ban-ruwa na Goronyo. Jelani irin mutanen nan ne da ke goge fitilar mota da hannun riga, amma gaishe da maƙwabci ya fi ƙarfinsu. Wata rana ya kaɗe jaki kusa da Dinawa, bambar roba ta gaban motar ta fashe, fitila ɗaya ta tarwatse. Jakin ya tashi ya yi gaba abinsa. Jelani kuwa kwana uku ba ya cin abincin kirki.

A rana ta huɗu ya kwaso tsofaffin bututun ƙarfe na ban-ruwa, masu kaurin nan da aka yar a bakin kanal, babbar magudanar ruwan gonaki, ya zube su gaban Mu'azu mai walda.

"Cire mani robag ga ka liƙa ƙarhe," in ji shi. "Kuma ka ja shi har bisa bonet, in samu wurin aza injin ban-ruwa."

Mu'azu ya ce, "Jelani, waɗanda sunka ƙera motag ga ba wawaye ba na. Da gangan anka yi gabanta da taushi. In ta bugi mutum, robar ta lanƙwashe, shi hwaɗa bisa bonet, bonet shi lotsa. Bara mota ta kaɗe Attahiru mai kihi nan bakin tasha. Kainai yal lotsa bonet, ga shi can shina saida kihinai."

Jelani ya yi tsaki. "To mi kaka so? In bar mota tsirara don mutane su ji daɗin hwaɗawa bisanta? Mai tahiya ƙasa shi buɗe idonai."

Kada mai karatu ya yi saurin yaba wa Mu'azu. Yana gama wa'azinsa ya ɗauki baƙin tabarau ya tayar da injin walda. Kafin la'asar gaban motar ya koma kamar ƙofar kurkuku, an shafe shi da jan fenti. Direbobi suka kewaye ta a tasha suna jinjina, wani ya raɗa mata suna Giwa. Jelani sai washe baki yake yi, kai ka ce asibiti ya gina wa garin.

Abin ya faru ran kasuwa da hantsi. Gaskiya ɗaya ce, Jelani ba gudu yake yi ba, cunkoso ma ba zai bar shi ba. Wani ɗan kabu-kabu ne ya shigo masa da babur, Jelani ya kauce, sai ga Uwaliya da kwanon shinkafa a ka, saura taku biyu ta gama tsallakawa. Bututun ƙasa ya doke ta a cinya, ta kifa kan motar. Da bonet ne a wurin, da ya lotsa. Amma abin da ke wurin bakin bututu ne, inda Mu'azu ya yanke bai ko goge ba. Nan kanta ya sauka.

Kafin a kai ta asibiti ta cika. Likitan da ya duba ta ya ce wa 'yan uwanta ko karaya babu a ƙafafunta, raunin kai ne kaɗai. Har tambaya ya yi ko wani ne ya sara mata ƙarfe.

Ran sadakar uku Jelani ya zo ta'aziyya, kuma don rashin kunya a cikin motar ya zo, ya ajiye ta daf da ƙofar gida. Ya durƙusa gaban Maiturare, yayan marigayiyar, ya ce, "Baba, sai haƙuri. Kwana na yaƙ ƙare."

Tsohon ya dube shi ya ce, "Kwana ya ƙare, gaskiya na, Allah ya jiƙanta. Amma ƙarhen ga ba daga sama yas sauko ba. Kai kak kai shi wurin walda da hannunka."

Jelani ya sunkuyar da kai har aka shafa fatiha. Yana fita ya tsuguna gaban motar yana shafa bututun, ya yafito abokinsa Zayyanu direba.

"Dibi ikon Allah," Jelani ya ce ƙasa-ƙasa. "Ko lanƙwasa bai yi ba."

Ruƙayyatu, babbar 'yar Uwaliya, tana tsaye a bakin zaure da butar ruwan masu ta'aziyya, ta ji shi sarai. A makon nan direbobi biyu suka kai wa Mu'azu bututu, shi kuma ya karɓa.

Jama'a, taushin gaban mota ba ha'inci ba ne, an yi shi ne don ya ceci kan mai tafiya a ƙasa. Direban da ya cire shi ya liƙa ƙarfe, da mai waldar da ya liƙa masa, sun zaɓi fitila a kan ran mutum, kuma kada su fake da ƙaddara.